Kalmomin Ingilishi da ke kayar da ɗan Maraɗi

Sa'adu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata damuwa ce ta hana ni sukuni tun ranar Talata, kuma na san akwai malamai a cikinmu. Na rubuta takardar neman aiki da Ingilishi, shafi ɗaya da rabi, na kwana biyu ina gyaranta. Kafin in kai, na aika wa ɗan kawuna da ke Katsina ya duba mani. Ya buga ta a takarda, ya bi ta da jan bik, ya ɗauki hoto ya turo. Kuskure goma sha ɗaya. Abin da ya tsaya mani a rai, dogayen kalmomin da nake tsoro duk sun fita lafiya, don kowace sai da na duba ta a ƙamus. Waɗanda na rubuta ido rufe su suka kayar da ni. Na sa adress, ya ƙara d. Na sa responsable, ya mai da a ta koma i. Na sa developpement, ya soke p guda da e guda. Na sa exemple, ya ce example. Shekara bakwai ina Ingilishi, tun daga siziyam har na ci bak. Don Allah ta yaya mutum zai riƙe rubutun kalmomin ga, kuma ya san ma'anarsu ta gaskiya?

Zainabu:
Wa alaikumus salam yaya Sa'adu. Wallahi ba kai kaɗai ba ne. Ni ina jami'a amma har yanzu sai na tsaya in yi tunani kafin in rubuta apartment, hannuna p biyu yake so.

Alhaji Ilya:
Ɗana, kar ka wahalar da kanka. Shekara nawa ina bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina da Kano, ban taɓa haddace rubutun wata kalma ba. Can Hausa muke ciniki. In abin ya kai ga rubutu, waya ke gyarawa. Ka fara bugawa ta ƙarasa maka. Mi ya rage?

Sa'adu:
Baba Alhaji, a waya na fara rubuta takardar. Madannin wayata na Faransanci ne, shi da kansa yake mai da mani address ta koma adresse. Da na sauya shi zuwa Ingilishi kuma sai ga wata matsala: na rubuta wa shugaban ma'aikata Personal Manager, waya ba ta ce komai ba, tunda personal kalma ce da ke akwai. Ɗan kawuna ya ce personnel ake so, wato ma'aikata, ita kuwa personal ma'anarta abin da ya shafi mutum shi kansa. Tun layin farko ke nan na yi tuntuɓe.

Mushe Lawali:
Sa'adu ɗana, sannu. Na ga hoton takardar da ka sa, kuma ina so ka kwantar da hankalinka, ba rashin ƙoƙari ba ne. Na daɗe ina riƙe alli a gaban tablo kafin in yi ritaya, kuma irin kuskurenka shi na fi gyarawa a kayen yara. Bari in faɗa maka inda cutar ta samo asali, don wanda ya san mafarin ciwo ya fi sanin maganinsa.

A shekarar 1066 wani basarake daga Normandi, arewacin Faransa, mai suna William, ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan wajen shekara ɗari uku Faransanci ne harshen fada da kotu da manyan gari, talakawa kuma suna Ingilishinsu. Shi ya sa tunkiya tana garke sunanta sheep, harshen makiyayi, in an dafa an kai teburin mai gida ta zama mutton, wato mouton da ka sani. Saniya cow ce, namanta beef, daga boeuf. Dubban kalmomin Faransanci suka shiga Ingilishi ta wannan ƙofa. To amma tun lokacin kowane harshe ya kama hanyarsa. Kamar ƴan uwa ne da aka raba tun suna yara, ɗaya ya girma a Maraɗi ɗaya a Kano: kama tana nan, amma kowa da irin ɗinkin rigarsa. Faransanci ya bar d guda a adresse, Ingilishi ya sa biyu. Mariage r guda, marriage r biyu. Coton t guda, cotton t biyu. Ka juya kuma, littérature t biyu, literature t guda. Enveloppe p biyu, envelope p guda. Appartement da Zainabu ta ambata haka take.

Saboda haka ɗan Katsina da bai taɓa shiga ajin Faransanci ba yana koyon address sau ɗaya ya wuce. Kai kuwa sai ka fara kwance abin da hannunka ya saba tun kana ɗan shekara bakwai ana maka dikte. Kalmar da ta zo maka da sauƙi, ita za ka tsaya ka duba.

Malam Habibu:
Mushe, Allah ya ƙara sani. Ina da tambaya. Jikana yana karanta mani night da light da thought, na ga g da h a tsakiya amma bakinsa bai taɓa su ba. Na ce masa ko dai tsallake yake? Ya ce haka aka koya masu.

Mushe Lawali:
Allah gafarta Malam, yaron yana da gaskiya. A da ana furta su, da wani sauti daga maƙogwaro kusa da harafin kha na Larabci. Haka k ta knife da knee da know, da can ana jin ta. Har wasulan ma sun sauya: kalmar name a da kusan yadda Bahaushe zai karanta ta a boko ake faɗinta, na-me, time kuma ti-me. Tsakanin wajajen 1400 zuwa 1700 furucin dogayen wasula ya gusa gaba ɗaya. Ana cikin haka, a 1476 William Caxton ya kafa injin buga littafi na farko a Ingila, rubutu ya fara daskarewa a takarda, baki kuwa ya ci gaba da tafiyarsa. Abin da muke rubutawa yau sawun maganar mutanen da ne. Ga haruffa 26 kacal, sautukan harshen kuwa wajen 44. Shi ya sa ough guda ta zama o a though, u a through, of a cough, af a tough.

Malam Habibu:
To ai wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A Larabci ma akwai harafin da ake rubutawa ba a karantawa: alifin da ke bayan wawun jam'i, kamar a katabu, da lam ɗin ash-shamsu da take ɓacewa a baki. Ba mu taɓa ce wa almajiri ya bar su ba, kuma ba da kallo yake koyonsu ba. Yana rubutawa a allo da tawada, ya biya, ya wanke, gobe ya sake. Hannu yana da haddarsa daban da ta ido. Sa'adu, ka samu kaye ka mai da shi allonka. Kalma biyar a rana ta isa. Ka dube ta, ka rufe da tafin hannu, ka rubuta da ka, ka buɗe ka gwada. Ran Juma'a ka yi tilawar ta mako duka. Wanda ya ɗauki shafi guda a rana ɗaya, jibi ba ya da ko layi.

Zainabu:
Allah gafarta Malam, na yarda da rubutawa, amma ina da ja a kan hadda tsagwaronta. Muna lise mun haddace anticonstitutionnellement mai haruffa 25, muka ji Ingilishi yana da wata ta ciwon huhu mai haruffa 45, muka haddace ta ita ma don gasa. Har yau ban taɓa buƙatar ko ɗaya ba. Abin da ya ba ni wuya a zahiri ma'ana ce. Na je Kano neman wani littafi, na ce wa mai adaidaita ya kai ni library, ina nufin shagon sai da littattafai kamar librairie ɗinmu. Ya kai ni ɗakin karatu inda ake zama a karanta a mayar. Shagon bookshop ake ce masa. Na yi asarar kuɗin mota da rabin yini. Haka actually, na daɗe ina sa ta a wurin actuellement, ashe ma'anarta a gaskiya, ba a halin yanzu ba. Attend kuma halartar taro ne, ba jira ba kamar attendre. Eventually na nufin daga ƙarshe, ba wataƙila ba kamar éventuellement. Waɗannan ko ka rubuta su daidai harafi da harafi, ka faɗi abin da ba ka nufa ba.

Malam Habibu:
Ɗiyata, ban ce a haddace abin da ba a san fassararsa ba. Gefen kowace kalma a sa ma'anarta da Hausa, ba da Faransanci ba. In ka fassara library da Faransanci, kamannin zai sake jan ka. In ka rubuta ɗakin karatu, shi ke nan ta zauna.

Zainabu:
Wannan kam na karɓa, Malam. Ban taɓa tunanin haka ba, kullum ƙamus ɗin Ingilishi da Faransanci muke riƙewa.

Maman Nafisa:
Sannunku da muhawara. Ni aikin jinya nake, kuma magunguna da yawa da ke shigowa hannun mutane a garin nan takardar cikinsu da Ingilishi take. Mata na kawo mani kwali su ce in karanta masu. Wata rana na riƙe kwali biyu na maganin zawo, ɗaya an rubuta diarrhoea, ɗaya diarrhea. Na ɗauka ɗayan jabu ne, har na ce wa matar kar ta ba yaron sai na bincika. Mushe, wace ce daidai?

Mushe Lawali:
Maman Nafisa, duka biyun daidai ne, kuma kin kyauta da kika tsaya bincike. Mai o rubutun Ingila ne, marar o na Amurka. Samuel Johnson ya fitar da ƙamus ɗinsa a Ingila a 1755, Noah Webster ya fitar da nasa a Amurka a 1828, shi kuma ya so a rage haruffan da ba su aiki. Daga nan aka samu colour da color, centre da center. Najeriya da Gana na Ingila suke bi, littattafan lakkwal ɗinmu ma galibi haka, waya da kwamfuta kuwa sau da yawa na Amurka suke kawowa. Sa'adu, ka zaɓi guda ka tsaya a kai cikin takarda ɗaya.

Ita wannan rrh da ke rikita mutane daga Girkanci take, daga kalmar da ke nufin kwarara. Diarrhoea zawo, catarrh majinar mura, haemorrhoids basir: a duka ukun akwai abin da ke zuba. Kin riƙe wannan, kin riƙe rubutun uku a lokaci guda. Ki lura kuma da pneumonia da psychology: da Faransanci kina furta p ɗin farko, da Ingilishi ana rubuta ta amma baki ba ya taɓa ta.

Aminu na Katsina:
Salamu alaikum mutanen Maraɗi, ni ne mai jan biron. Yaya Sa'adu ya sa ni cikin zauren nan jiya. Ina so in faɗi wani abu don kar ku ɗauka mu nan mun tsira. Ku zaga kasuwar Katsina ku karanta allunan shaguna. Accommodation c biyu m biyu take, amma da wuya ka ga an cika su. Separate ana sa mata e a tsakiya maimakon a. Receive ana juya e da i. Ga kuma p da f da kunnen Bahaushe ke haɗawa, yaro ya rubuta full yana nufin pull. Sannan akwai kalmomin da mu muke zufa a kansu ku kuwa kyauta kuka same su: bureau, restaurant, questionnaire, entrepreneur, rendezvous. Ni sai da na kai aji shida na sakandare ina kuskuren queue. Yaya Sa'adu ne ya gaya mani da Faransanci wutsiya take nufi, layin mutane kamar wutsiya. Tun ranar ban sake mantawa ba.

Sa'adu:
Ƙanena, ai ban san na taɓa koya maka komai ba.

Aminu na Katsina:
Ka koya mani, yaya. Wani abin kuma, mu nan muna cewa Kanar, ku kuna cewa kolonel. Rubutun guda ne a harsunan biyu, colonel, amma Bature na Ingila ba ya furta l ɗin farko, mu kuma kunnenmu ya ɗauko Kanar. Haka Laftanar daga lieutenant. Ku rubutun ba ya ba ku wuya, furucin ne. Mu furucin muke da shi, rubutun ke kayar da mu.

Mushe Lawali:
Aminu ya taɓo inda nake son zuwa. Faransancin da ya kayar da Sa'adu shi ne kuma jarinsa, in ya san yadda ake canjinsa, kamar mai canjin sefa da naira a bakin tasha. Ƙarshen kalma té yakan koma ty: qualité, quality, société, society. Eux yakan koma ous: dangereux, dangerous, sérieux, serious. Aire yakan koma ary: nécessaire, necessary, secrétaire, secretary. Eur yakan koma or: directeur, director. Ique yakan koma ic: électrique, electric, sai ƴan kaɗan irin unique da technique da suka ƙi sauyawa. Inda Faransanci ke da onnel, Ingilishi n guda yake sawa da al: professionnel, professional, traditionnel, traditional. Wanda ya riƙe waɗannan ya samu ɗaruruwan kalmomi ba tare da ya haddace su ɗaya ɗaya ba. Ragowar masu taurin kai, irin address da responsible da independence mai e inda Faransanci ke da a, su ne na allon Malam Habibu.

Alhaji Ilya:
Mushe, duk na ji, kuma na ƙaru. Amma ina nan kan bakata a wuri guda: ɗan kasuwa ba ya da lokacin kaye. Abin da zan yarda da shi lambobi ne. Bara yarona ya karɓi saƙon murya daga mai kaya a Legas, mutumin ba ya jin Hausa. Ya ce katan fourteen, yaron ya ji forty. Muka shirya kuɗin arba'in da motar arba'in, kaya suka iso Jibiya goma sha huɗu. Kuɗin motar da na yi asara ya fi jika hamsin. Tun ranar na ce komai a rubuto shi da lamba.

Zainabu:
Baba Alhaji, ko a rubuce akwai tarko a nan: four da fourteen suna da u, forty ba ta da shi. Nine tana da e, ninety ma haka, amma ninth ta yar da shi.

Alhaji Ilya:
To ɗiyata, wannan ki koya wa yaron shagon, zan turo shi. Mushe, ni kuma ka warware mani guda: rasit da muke cewa, na ga a takardun kwastan na can, duwan ɗinsu ke nan, ana rubuta receipt. Wannan p ɗin mi take yi a ciki?

Mushe Lawali:
Ranka ya daɗe Alhaji, ba ta aikin komai a baki. Masana na wajajen ƙarni na 16 ne suka so a riƙa ganin asalin Latin a jikin kalmomi, sai suka cusa haruffa. Haka suka yi wa kalmar bashi: daga Faransanci ta shigo, dette, suka tuna Latin na cewa debitum, suka sa b ta zama debt. Doubt ma daga doute take, b ɗin ƙari ne. A island kuwa kuskure suka yi, don kalmar tsohon Ingilishi ce da ba ta taɓa samun s ba, suka ɗauka ƴar uwar isle ce. Tunda kai mai hulɗa da iyaka ne, ka sa yaron ya rarrabe waɗannan: customs kwastan, customer mai saye, custom al'ada. Sai stationery mai e, kayan rubutu irin su kaye da bik, da stationary mai a, abin da ke tsaye ba ya motsi. Waya ba za ta gyara masa ko ɗaya ba, don duka kalmomi ne na gaskiya.

Malam Habibu:
Kafin a wuce, akwai namu ma a cikin Ingilishin. Cotton daga ƙuɗun na Larabci take, sugar daga sukkar, wanda muke ce wa sukari. Magazine daga makhazin, rumbunan ajiya. Ita ce ta zama magasin a Faransanci, mu kuma muka ce mangaza. A Ingilishi ta koma mujalla, rumbun labarai. Sifiri ɗinmu da zero ɗinsu duk daga sifr suke. Almajirin da ya san Larabci bai shiga wannan harshe hannu wofi ba.

Maman Nafisa:
Abin da ya sa na damu da zancen ga, Nafisa tana tarwaziyam, bana za ta yi brebe, kuma Ingilishi ne ke ja mata maki ƙasa. Da can muna ɗaukarsa darasin cika lissafi. Yanzu kuwa tun dokar sake gina ƙasa ta watan Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa, kilomita 284. Yaran nan da Ingilishi za su nemi abinci, ko mun so ko ba mu so ba. Mushe, ba za ka riƙa yi masu dikte a nan zauren ba, ko sau ɗaya a mako?

Mushe Lawali:
Zan yi da yardar Allah, amma da sharaɗi. Ran Juma'a bayan la'asar zan sa saƙon murya, jimloli biyar, ba kalmomi tsirara ba, don kalma a cikin jimla take nuna ma'anarta. Kowa ya rubuta da bik a takarda, ya ɗauki hoto ya turo. Ban yarda a buga a waya ba. Ƙarƙashin kowace jimla a fassara ta da Hausa, yadda Malam ya ce. Aminu, kai za ka taya ni gyara.

Aminu na Katsina:
Na karɓa, Mushe. Ni kuma a riƙa jefo mani na Faransancin nan, ina so.

Sa'adu:
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Na sayi kaye mai shafi ɗari jiya da dare, na raba kowane shafi gida uku: Ingilishi, Faransancin da ke kama da shi, sai ma'ana da Hausa. Harafin da ya bambanta ina zagaye shi da ja. Kuskurena goma sha ɗaya su na fara zubawa. Na sake rubuta takardar da hannu ba tare da na kalli ta farko ba, na tura wa Aminu da asuba. Ya ce saura guda, can ƙasa wajen sa hannu: na rubuta sincerly.

Mushe Lawali:
Madalla ɗana. Wannan mai sauƙi ce: ka rubuta sincere cikakkiya da e ɗinta, sannan ka liƙa ly, ta zama sincerely. Haka completely da immediately da definitely. Amma true in ta zama truly tana yar da e, ita da duly. Ka sa su biyun a shafin gobe, za su fito a dikten Juma'a.